Kafin Ka Zuba Kwalta a Harabar Gidanka

Duk wanda ya taɓa gina gida ya san filin da ke tsakanin get da gareji shi ake waiwaya a ƙarshe. An yi rufi, an yi filasta, an ja wuta, an shimfiɗa tayil, an shafa fenti. Aljihu ya bushe, iyali kuma sun ƙagu a tare. Sai a ce haraba ta jira tukuna. Idan da rani aka tare, ba a ganin aibunta sai ƙura. Sai ranar da ruwan Agusta ya sauka kamar da bakin ƙwarya maigida zai ga motarsa ta kafe a cikin gidansa, yara suna shiga falo da taɓo har idon sawu. A lokacin ne ake neman irinmu masu duba aikin gini: "Injiniya, kwalta nake so a zuba mini daga bakin get zuwa gareji. Nawa za ta ci?"

Ba na yanke kuɗi a waya. Nakan ce, "Alhaji, bari in zo in ga ƙasar, in ga inda ruwa yake bi." Wasu sukan ɗauka jan rai ne, alhali kuwa aikin ke nan. Baƙin da ido yake gani a sama kaurinsa bai wuce faɗin yatsu uku ba, kuma ba shi yake ɗauke da motar ba. Abin da ke ƙarƙashinsa ne yake ɗauke da ita. Wanda ya gane haka sau ɗaya zai kashe kuɗinsa. Wanda bai gane ba zai kashe sau biyu, na biyun kuma ya fi ciwo, domin har da ladan fasawa da na kwashewa.

Dutse ya fi yawa a cikinta

Kwaltar da muke takawa a titi haɗi ce ta abu biyu. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta dutse ne: tsakuwar da aka niƙa a injin fasa dutse, da yashi, da garin dutse. Sauran kashi 5 ɗin shi ne baƙin ruwan nan mai danƙo da ake kira bitumin, wanda yake saura bayan matatar mai ta fitar da fetur da kananzir da gas daga ɗanyen mai. Dutsen ne yake ɗaukar nauyi, bitumin kuma ya riƙe duwatsun wuri ɗaya ya toshe wa ruwa hanya. Idan ya yi yawa a kwaɓi, kwalta za ta yi laushi da tsakar rana, taya ta bar sawunta. Idan ya yi kaɗan, tsakuwa za ta riƙa ɓallewa ana sharewa da tsintsiya kullum. Wanda aka fi aiki da shi a Najeriya shi ne mai lamba 60/70, domin ya fi jure zafi a kan masu laushi da ake sawa a ƙasashen sanyi.

Allah ya ba Najeriya bitumin kwance a ƙasa a jihohin Ondo da Ogun da Edo da Legas, musamman wajen garin Agbabu, kuma tun farkon ƙarni na 20 aka san da shi. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ma an tsara ta har da sashen da zai riƙa fitar da shi. Duk da haka, mafi yawan wanda muke shimfiɗawa daga waje ake shigo da shi. Shi ya sa farashin kwalta yake bin dala da ɗanyen mai sau da ƙafa. Abin da maƙwabcinka ya kashe kafin 2023, shekarar da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, kada ka yi lissafinka da shi.

Inda kwaltar gida ta zama ruwan dare shi ne Amurka da Kanada. A birnin Newark na jihar New Jersey aka fara shimfiɗa irin wannan kwalta a Amurka a 1870. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da unguwannin bayan gari suka bazu kowa ya mallaki mota, kusan kowane gida ya samu 'yar gajeriyar hanyarsa daga titi zuwa gareji. A jihohinsu na arewa masu tsananin sanyi sun fi son kwalta a kan kankare, kuma suna da dalili. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai ƙasa ta ɗaga da hunturu ta koma da bazara. Kwalta tana iya ɗan bin ta, kankare kuwa sai ya tsage. Baƙin launinta kuma yana sa dusar ƙanƙara ta narke da wuri. A can akwai ƙananan 'yan kwangila da ba su da wata sana'a sai wannan. Sukan zuba santimita 5 zuwa 7 a kan niƙaƙƙen dutse mai kaurin santimita 10 zuwa 20, kuma aikin da aka yi da kyau yakan kai shekara 15 zuwa 20, wani ma ya zarce.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara. Muna da ranar da ta fi tasu zafi, da ruwan da yake sauka a taƙaitaccen lokaci da ƙarfi, da janareta a kowane gida. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, amma abokan gabanmu daban suke da nasu.

Aikin yana ƙasa

Kakanninmu mata sun riga injiniyoyi sanin wannan sirri. Idan za a yi daɓe, sai a kwashe tarkacen wurin, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓai su yi ta duka har ƙasa ta daina amsawa, sannan a shafa makuba. Makuba ce take ba da sheƙi ta hana ruwa shiga, amma dukan ne yake sa daɓe ya daɗe. A aikinmu kwalta ita ce makuba, rola kuma madaɓi.

Farkon aiki shi ne kwashe ƙasar sama, wato baƙar ƙasar nan mai saiwoyi da taki, tare da duk abin da magina suka binne: buhunan siminti, leda, guntun katako, kututturen itace. Duk abin da zai ruɓe a ƙasa zai bar rami a bayansa. A Kano filaye da yawa a kan tsohon kududdufi ko tsohon juji aka yanka su. Takardar fili ba za ta gaya maka haka ba, amma dattawan unguwa sun sani. Ka je ka gaishe su, ka tambaye su me ke wurin nan kafin a yanka fulotai. A gabashin Borno, wajen Dikwa da Marte da Ngala, da wasu sassan Gombe da Adamawa, akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta daddare da rani. Irin wannan ƙasa sai an haƙe ta da zurfi an maye gurbinta, ko a haɗa ta da farar ƙasa ko siminti bisa shawarar injiniya. In ba haka ba, duk abin da aka ɗora a kanta zai karye.

Bayan haƙa sai ciko da burji. Nan ne aka fi ha'inci, domin nan ne ido ba zai sake gani ba. Tifa ta juye, lebura su baje, a bi da rola sau biyu a ce an gama. Rola ba ta danne abin da ya yi kauri da yawa. Sama ce kawai za ta yi tauri, ƙasa tana nan sakwa-sakwa. Ƙa'ida ita ce a zuba hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a jiƙa, a danne, sannan a ɗora wani. Ruwan ma da ma'auninsa. Ka ɗebi burjin ka dunƙula a hannu. Idan ya watse, ya bushe da yawa. Idan ya ɓata maka tafin hannu da taɓo, ruwa ya yi yawa. Idan ya dunƙule ya riƙe siffarsa, hannunka kuma da ɗan danshi kawai, to, a kira mai rola. A kan burjin ne ake shimfiɗa niƙaƙƙen dutse haɗe da garinsa, santimita 10 zuwa 15, shi ma a danne shi.

Akwai gwajin da maigida zai iya gani da idonsa ba tare da wata na'ura ba. A sa tifa mai kaya ta bi a hankali, kai kuma ka sunkuya ka dubi ƙarƙashin tayoyinta. Duk inda ƙasa ta yi motsi ko ta nutse ta dawo, wurin bai nuna ba. A haƙe shi a sake.

Kafin a rufe, ka tuna da duk abin da zai ratsa ta ƙarƙashi: bututun ruwa, wayar wuta, bututun bayan gida. Nakan ba da shawarar a binne wani bututu babu komai a ciki ya ratsa hanyar daga gefe zuwa gefe, a toshe bakinsa, a yi masa alama. Ranar da za a ja wuta zuwa get ko ruwa zuwa lambu, ba sai an sa diga a kan kwalta ba. Ramin da aka haƙa don bututu kuma a cike shi hawa-hawa kamar sauran wurin, domin shi ne yake fara lotsawa. Kada hanyar mota ta hau kan murfin sokawe, sai dai in tun asali an zuba shi don ɗaukar nauyi.

Ruwa sai an ba shi hanya

Kwalta ba ta tsoron ruwan da ya wuce ta kanta. Wanda ya kwanta da wanda ya shiga ƙarƙashinta su ne suke kashe ta. Burjin da ya jiƙe ƙarfinsa ya tafi, kwalta mai santimita 5 kuwa ba za ta tsaya a kan taɓo ba.

Don haka dole a yi gangara, santimita 2 a kowace mita ɗaya. Hanya mai faɗin mita 4, gefe ɗaya zai fi ɗayan tsawo da santimita 8. Gangarar ta juya wa ginin baya, kada ta kai ruwa gindin bango. Ka ɗaga kai ka dubi rufinka: duk ruwan da ya sauka a kansa a wuri biyu ko uku yake zubowa, da ƙarfi. A tare shi da bututu a kai shi magudana. Idan kuma titin waje ya fi gidanka tudu, kamar yadda yake faruwa duk lokacin da aka sake gina titi aka ɗaga shi, a yi kwata mai murfin ƙarfe a bakin get ta kama ruwan kafin ya shigo.

Gefen kwalta shi ne wurin da ta fi rauni. In babu abin da ya tokare ta, daga nan take fara gutsurewa. A kafa dakalin kankare a gefe biyu kafin zubi, ya riƙe kwaltar da burjin da ke ƙarƙashinta.

Ranar zubi

Kwana ɗaya ko biyu kafin zubi ana share dutsen a fesa masa wani ruwan bitumin da aka tsinka da kananzir, wanda ma'aikata suke kira MC1. Shi yake shiga cikin dutsen ya kama ƙura, ya sa kwalta ta manne. A bar shi ya sha iska, kada a bi ta kansa.

Kwaɓin yana fitowa daga inji da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye a ma'aunin Salsiyos. Daga wannan lokaci ana tsere ne da sanyi. Dole a baje a gama dannewa kafin zafin ya sauko wajen digiri 80, domin daga nan ta yi tauri, rola sai dai ta yi ta yawo a kai a banza. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ka duba tifar da ta kawo: an rufe ta da tamfol? Idan aka juye, kwaɓin yana hayaƙi yana malala, ko kuwa yana faɗowa dunƙule-dunƙule? Wanda ya dunƙule ya huce, a mayar da shi. Rola ta kasance a wurin, da mai a cikinta, direbanta a kai, tun kafin tifa ta iso. Na sha ganin kwaɓi mai kyau ya lalace don an tafi neman gas.

Ba a zuba kwalta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba a zubawa hadari na haɗuwa. Lokacinta shi ne bayan ɗaukewar damina. Da hunturu kuma a jira rana ta ɗaga, domin iskar safiya tana sanyaya ta nan da nan.

Lissafin da zai kare ka

Ɗauki hanya mai faɗin mita 4 da tsawon mita 15. Faɗin filin ya zama murabba'in mita 60. Idan kaurin santimita 5 ne bayan dannewa, kwaltar da za ta ci ta kai wajen tan 7. Idan aka rage kaurin zuwa santimita 3, tan 4 da 'yan kai ne kawai ya shiga. Kusan tan 3 ya tafi aljihun wani, kuma a ranar da aka gama ba za ka bambance da ido ba, domin duka biyun baƙi ne sumul. Sai damina ta biyu gaskiya za ta fito.

Saboda haka kalma ɗaya ka riƙe: bayan dannewa. Rola tana rage kauri sosai, don a samu santimita 5 sai an baje 6 ko ɗan fiye. Ɗan kwangilar da ya ce maka, "Ranka ya daɗe, inci biyu za mu zuba," ka tambaye shi, kafin rola ko bayan rola? Injin haɗa kwalta yana auna kowace mota ya ba da takardar nauyi. Ka nemi takardar. Ka riƙe ɗan ƙarfe mai alama ka riƙa soka shi a wurare daban-daban yayin da ake bajewa.

A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: zurfin haƙa, kaurin burji, kaurin dutse, kaurin kwalta bayan dannewa, inda ruwa zai bi, da wanda zai kwashe tarkace. A biya kashi-kashi, kowane kashi bayan ka ga aikin da ya gabace shi. A riƙe wani abu sai an ga damina ɗaya. Kafin ka ba mutum kafin alƙalami, ka ce ya kai ka aikin da ya yi shekara uku baya. Na jiya ba shaida ba ne, kowane aiki yana da kyau a makonsa na farko. Idan filin yana da girma ko ƙasar tana da matsala, kuɗin da za ka ba injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba maka ba asara ba ne.

Akwai kuma tarkon ragowa. Mutum ya tsaya a ƙofar gidanka da tifa ya ce, "Maigida, aikin titi muka gama can baya, an samu ragowa, a zuba maka a rabin kuɗi, amma yanzu-yanzu." Wannan dabara har a Amurka da Ingila hukumomin kare masu saye sun daɗe suna gargaɗi a kanta. Kwaɓin ya huce, ba a shirya ƙasa ba, babu gangara, gobe kuma ba ka san inda za ka same shi ba. Ga wata tambaya da mai tsoron Allah zai yi wa kansa: wa ya biya kuɗin wannan ragowa, kuma da izininsa ake sayarwa? Araha ba ta ado.

Bayan an gama

A bar ta kwana biyu zuwa uku kafin mota ta hau. Ko bayan nan, watannin farko tana da sauran laushi, musamman da tsakar rana. Kada a murɗa sitiyari mota tana tsaye. Ƙafar babur da jak suna huda ta, a sa musu katako.

Babban abokin gabanta a gidajenmu shi ne mai. Bitumin daga ɗanyen mai ya fito, don haka fetur da gas da baƙin mai suna narkar da shi. Inda janareta yake zaune, da inda ake juyen mai, da inda tsohuwar mota take kwana tana ɗiga, a yi musu daɓen kankare. In mai ya zube, a zuba yashi ya tsotse, a kwashe, a wanke da sabulu.

Na biyu shi ne nauyi. Tsakanin 1958 da 1960 hukumomin hanyoyi na Amurka sun yi wani babban gwaji a garin Ottawa na jihar Illinois, inda aka sa manyan motoci suka yi ta zagaye a kan hanyoyi masu kauri iri-iri. Abin da aka gano shi ne, idan nauyin da ke kan tayoyin mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkawa wajen sau 16. Ma'ana, shigowar tankar ruwa guda ɗaya cike ta fi shige da ficen ƙaramar motarka sau dubbai. Idan gidanka da tanka ake kawo masa ruwa, ko dai ta tsaya a waje a ja tiyo, ko ka faɗa wa mai aiki tun farko ya ƙara kauri. Haka tifar yashi idan za a ƙara gini.

Na uku saiwar itace. Darbejiya tana ba da inuwa mai daɗi, amma saiwarta tana tafiya nesa kusa da saman ƙasa, ta ɗaga duk abin da ta tarar. A ba ta tazara daga hanya.

Rana kuma tana cin bitumin a hankali. Baƙin ya koma toka-toka, kwalta ta bushe, ƙananan tsaga su bayyana. Masu gida a Amurka sukan shafa wani baƙin ruwa na kariya duk bayan shekara uku zuwa biyar. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu shi ne ka zaga harabarka a watan Afrilu ko Mayu, ka cire ciyawa da ƙasa daga kowace tsaga, a cike ta da narkakken bitumin kafin ruwan farko. Aikin yini ɗaya ne, kuma yana ƙara mata shekaru.

Faci, ƙari, ko a fasa?

Wanda ya sayi tsohon gida ko ya gaji na mahaifinsa, tambayarsa ke nan. Kwaltar da kanta tana ba da amsa ga wanda ya iya karanta ta.

Tsaga doguwa guda ɗaya ko biyu, ko rami a wuri ɗaya, faci ya ishe su. Amma faci ba shi ne a juye kwaɓi a rami a tattake da ƙafa ba. A yanka wurin kusurwa huɗu har zuwa inda yake da lafiya, a duba dutsen ƙasa a gyara, a shafa bitumin a gefuna, a zuba, a danne.

Idan saman ne ya tsufa, ya yi fari yana zubar da tsakuwa, amma babu inda ya lotsa kuma ruwa yana wucewa, ana iya ɗora sabon hawa na santimita 4 zuwa 5 bayan an share an fesa ruwan manni. Sai dai a san abu biyu. Tsagar da ba a gyara ba a ƙasa za ta ɓullo a sabon hawan. Ƙarin tudun kuma zai iya hana get buɗewa ko ya juya ruwa zuwa ƙofar falo. A auna kafin a zuba.

Idan kuwa ka ga tsaga ƙanana sun haɗu sun yi zanen fatar kada, ko sawun taya ya yi kwari, ko ruwa yana kwana a wurare, ko ka taka bayan ruwan sama ka ga taɓo yana ɓulɓulowa ta tsagar, to ciwon yana ƙasa. Ɗora sabo a kan wannan zubar da kuɗi ne. Idan irin wannan lalacewa ta kai kashi ɗaya cikin uku na filin, a fasa gaba ɗaya, a gyara ƙasa da hanyar ruwa, a sake. Kafin a sake kuma a gano abin da ya kashe ta farko, don kada ya kashe ta biyu. Ɓaraguzan tsohuwar ba shara ba ne. Ana farfasa su a yi ciko, ko a zuba a layin unguwa ya rage taɓo.

Ba ko'ina ta dace ba

Ina son kwalta, na san daɗin tuƙi a kanta da sauƙin shararta. Amma ba na yarda a zuba ta a tsakar gida. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin iska yake wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, saman baƙar kwalta yakan haura 60. Yaro ba takalmi zai ƙone. Da dare kuma tana amayar da zafin da ta sha, a daidai lokacin da iyali suke fitowa da tabarma don ɗaki ba ya shiguwa. Inda mata suke girki da wanki, inda yara suke wasa, a bar musu ƙasa mai sanyi da inuwa.

Ga ƙaramin fili ma lissafi bai cika goyon bayanta ba. Injinan haɗa kwalta na kamfanonin titi ne, ba sa son kunna wuta don tan 7, kuɗin ɗauko rola kuma ɗaya ne ko mita 15 za ta yi ko 500. A nan intalok ya fi. Mai kaurin santimita 6 ya ishi ƙaramar mota, mai 8 don masu nauyi. Idan bututu ya fashe a ɗaga a gyara a mayar, wani ruwan kuma yana tsiyayewa ta tsakaninsa ya shiga ƙasa. Aibunsa ciyawa da tururuwa, da masu buga shi da ƙarancin siminti. Kankare yana jure mai da nauyi, in an zuba aƙalla santimita 10, an raba shi gida-gida kamar mita uku-uku, an kuma ba shi ruwa mako guda. Dukansu ukun a kan burji ɗaya suke zama, kuma babu wanda zai yafe maka idan ka ha'ince shi.

Inda kwalta ta fi dacewa shi ne doguwar hanya: babban gida mai nisa daga get, rukunin gidaje, makaranta, harabar masallaci, da layin unguwa. Na ga layukan da maƙwabta suka yi karo-karo, suka ɗauko rola sau ɗaya, kowa ya samu a farashin da shi kaɗai ba zai samu ba. Inda kuɗi bai kai ba, akwai tsohuwar hanyar nan ta fesa bitumin a watsa tsakuwa a danne, wadda ta yi wa titunanmu na da hidima shekaru da yawa. Amma a tuna, abin da ke wajen katanga ba na maigida ba ne. Sai an nemi izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano, kuma kada a toshe magudana don a samu wurin hawa da mota.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Duk filin da ka rufe, ruwan da ƙasa take sha a da yanzu fita zai yi ta rariyarka. Idan kowa a layi ya rufe harabarsa bango zuwa bango, ruwan yana taruwa ya faɗa wa wanda gidansa ya fi kwari, kuma sau da yawa shi ne mai ginin ƙasa, wanda ba shi da halin ɗaga nasa. Addininmu da tarbiyyarmu ba su yi wasa da haƙƙin maƙwabci ba. Ka rufe inda taya take bi, ka bar sauran ga shuka da yashi, ka kuma bi ruwanka da ƙafa har ka ga inda ya ƙare.

Idan kuɗin da ke hannunka rabin aiki kawai zai yi, kada ka raba shi ka yi komai sama-sama. Ka yi haƙa, ka yi ciko mai kyau, ka danne, ka yi magudana da dakali, ka tsaya nan. Ka hau burjinka damina guda. Ruwa zai nuna maka duk inda ya yi rauni a lokacin da gyara bai wuce tifa ɗaya da yinin rola ba. Baɗi, in Allah ya hore, a zuba kwaltar a kan ƙasar da ta riga ta zauna.